Yadda Ake Samo Zanen Ginin Mol da Karanta Shi Kafin a Biya Kuɗin Shago

Tambayar da ake yawan yi kusan duk iri ɗaya ce: yaya mutum zai samo zanen ginin mol, wato babban gini mai tarin shaguna, ya karanta shi kafin ya biya kuɗin shago? Dillali ya turo wa mutum hoton wata takarda mai cike da layuka da lambobi ta WhatsApp, ya bi ta da saƙon murya: "Alhaji, a zaɓi shago tun kafin masu kyau su ƙare." Shi kuwa Alhaji bai san gaban takardar ba balle bayanta. Wasu ma ba a nuna musu komai, sai dai a ce shago mai lamba kaza, a kawo kuɗin shekara biyu.

Wannan jagora na mai niyyar kama shago ne, haya ko saye, a babban mol irin Ado Bayero da ke titin gidan Zoo a Kano ko Jabi Lake da ke Abuja, ko kuma a filazojin da ake ta ginawa a cikin kasuwanni da bakin manyan tituna. A bi matakan yadda suka zo, domin kowanne yana dogara ne da wanda ya gabace shi.

1. San irin zanen da kake nema

Gini ɗaya yana da zane iri-iri, kuma wanda aka fi saurin miƙa wa mutum shi ne mafi ƙarancin amfani. Allon da ke bakin ƙofar mol, mai launuka da sunayen shaguna, an yi shi ne don mai sayayya kada ya ɓata. Ba a bin ma'auni sosai wajen zana shi, don haka ba a yanke shawarar kuɗi da shi.

Abin da za ka fara nema shi ne zanen 'yan haya. Yana nuna kowane shago da lambarsa da girmansa, da waɗanda aka kama da waɗanda suke a buɗe. Bayan shi sai fulan ɗin akitek, wato zanen shimfiɗar ginin, wanda ke ɗauke da awon kowane bango da kowace fila (ginshiƙi). Idan ginin ya daɗe, tambayi ko akwai zanen da aka yi bayan an gama aiki, wanda ke nuna yadda aka gina a zahiri, saboda magina sukan kauce wa zanen farko a wasu wurare. Ka haɗa da zanen haraba, mai nuna get, wurin ajiye motoci da inda ake sauke kaya.

2. Inda ake samunsa

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Manyan mol da yawa suna sa taswirar shagunansu a shafinsu na intanet. Buɗe Google Maps kuma ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam: za ka ga siffar ginin daga sama, yawan get, da titin da ya fi kawo jama'a.

Daga nan sai ka je ofishin manajan mol da ƙafarka. Ka ce kana neman shago, kana son zanen 'yan haya na hawan da shagon yake, da kuma zanen shagon shi kaɗai mai awo. Ka roƙi a ba ka a fayil na PDF, ba hoton da aka ɗauka da waya a karkace ba. A ƙananan filazoji galibi babu irin wannan ofis. A nan mai ginin ko akitek ɗinsa ne ke riƙe da zanen, dillali kuwa kwafin kwafi ne a hannunsa.

Idan saye za ka yi, ko hayar shekaru masu yawa, sai an ƙara mataki guda: ganin kwafin da hukumar tsara birni ta buga wa hatimi. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na Development Control. Ba lallai su ba ka zanen ginin wani ba, amma lauyanka zai iya ɗaukar lambar amincewar da ke jikin kwafin mai ginin ya je ya tabbatar da ita.

*Hattara:* wasu manajojin ba sa sakin cikakken zanen gini saboda tsaro, kuma suna da hujja. Ba komai, a ba ka na hawanka da na shagonka. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne mai ginin da ya ƙi nuna ko da shafi ɗaya mai hatimi. Haka nan kada ka shiga ɗaukar hotunan ƙofofin baya da ɗakunan wuta ba tare da izini ba.

3. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kayan ba su da yawa: tef ɗin awo na ƙarfe mai mita 5 ko 8, rula mai santimita, fensir, jan biro, da kalkuletar waya. In akwai wanda zai ara maka na'urar awo mai haske, ta fi sauri a dogon shago.

Zanen 'yan haya kyauta ake bayarwa ga mai neman shago, kada wani ya sayar maka. Abin da za ka biya shi ne buga shi a babbar takarda, aƙalla A3, a wuraren da ke buga wa akitek zane, sai ladan akitek ko injiniyan da zai raka ka rana ɗaya. Ku yi ciniki da shi tun kafin a fita. Duk wannan bai kai komai ba idan aka ajiye shi kusa da la'adar dillali, wadda a garuruwa da yawa takan kai kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya.

4. Fara karatu daga kusurwar takarda

Mutane sukan garzaya tsakiyar zane suna neman lambar shagonsu. Dakata tukuna. A ƙasan takardar ta hannun dama, ko a gefenta, akwai akwatin bayani. Nan za ka ga sunan ginin, sunan wanda ya zana, hawan da aka zana, ma'auni, da kwanan wata. Zanen da aka gabatar wa hukuma yakan ɗauki hatimin akitek mai rajista da ARCON, hukumar rajistar akitek ta Nijeriya, zanen ƙarfe da kankare kuma hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya.

Duba kwanan wata da kyau, da ɗan jerin gyare-gyaren da ke kusa da shi, inda ake rubuta Rev A, Rev B da sauransu. Tambayi manaja ko wannan ne na ƙarshe. Ana raba babban shago gida uku, ana toshe ƙofa, ana mayar da sito shago, alhali tsohon zane yana ta yawo a wayoyin dillalai.

*Hattara da lissafin hawa:* a Nijeriya, hawan da ke ƙasa shi ake rubuta wa Ground Floor. Wanda aka rubuta wa First Floor a sama yake, sai an taka matakala. Idan dillali ya ce "hawa na ɗaya", sa shi ya faɗa maka ƙarara, ƙasa ne ko bene. A kan wannan kaɗai an sha yin rigima bayan kuɗi sun riga sun shiga.

Sannan nemi kibiyar da ke nuna arewa, mai harafin N. Da ita za ka gane shagon da gilashinsa ke kallon yamma, wanda ranar la'asar za ta dinga dukansa. Mai sayar da turare, magani ko atamfa ya san abin da zafi da haske ke yi wa kaya, kuma kuɗin sanyaya ɗaki zai ƙaru.

5. Ma'auni da lambobi

Idan an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. A 1:200 mita biyu ce, a 1:500 mita biyar. Zanen mol gaba ɗaya yakan zo a 1:200 ko 1:500, na shago guda kuma a 1:50 ko 1:100.

Lambobin da ke jikin layukan awo milimita ne. Idan ka ga 6000, mita 6 ke nan. 900 a bakin ƙofa na nufin santimita 90. Bango mai 225 shi ne bulo inci tara, mai 150 kuma inci shida.

*Hattara:* ma'aunin yana aiki ne kawai idan an buga zanen a girman takardar da aka tsara shi. Zanen da aka tsara a babbar takarda ta A1, in aka rage shi zuwa A3, ya koma rabi, wato 1:100 ya zama 1:200, amma rubutun kusurwa bai canza ba. Gwada da kanka: ɗora rula a kan layin da aka rubuta wa 6000. In ka sami santimita 6, ma'aunin daidai yake. In ka sami 3, an rage. Kuma duk inda rula ta saɓa da lambar da aka rubuta, lambar ake bi.

6. Alamomin da za ka ci karo da su

Ka ɗauka an yanke ginin a kwance daidai tsayin ƙirji, an ɗage saman kamar murfin kwano, kai kuma kana leƙawa daga sama. Abin da wuƙar ta ratsa shi ake zanawa da kauri: bango layi biyu ne masu kauri, fila kuwa ɗan murabba'i ne baƙi. Gilashi siririn layi ne a tsakanin bango. Ƙofa layi ce mai ɗan baka da ke nuna inda take buɗewa. Matakala jerin layuka ce da kibiya, an rubuta UP ko DN. Lif akwati ne mai giciye a ciki. Layi mai tsinke-tsinke yana nuna abin da ke sama da kai, kamar bim (kankaren da ke kwance a kan filoli) ko bakin baranda.

Akwai biyu da ke ruɗar sabon shiga. Inda aka rubuta VOID a zanen bene, babu daɓe a wurin, rami ne da ake hango ƙasa ta cikinsa. Na biyu su ne da'irorin da ke gefen takarda, masu haruffa ta ɓangare ɗaya da lambobi ta ɗayan. Layukan filoli ne, kuma su ne adireshin gaskiya na kowane wuri a ginin. Lambar shago tana iya canzawa, amma shagon da ke tsakanin layin C da D, 4 da 5, yana nan inda yake. Rubuta wannan adireshin ka ajiye, za ka buƙace shi a mataki na ƙarshe.

7. Bi sawun mai sayayya da fensir

Nan ne asalin aikin, kuma nan nake so ka ɓata lokaci. Kuɗin hayar mol ba na bango da rufi ba ne, na ƙafafun da ke wucewa ta ƙofarka ne.

Ɗauki fensir ka fara daga get. Ina mai mota yake ajiye motarsa? Ina masu adaidaita sahu suke sauke fasinja? Sau da yawa waɗannan biyun ba ƙofa ɗaya suke shiga ba, kuma ba irin kaya ɗaya suke saye ba. Ja layi daga kowace ƙofa zuwa wuraren da ke jawo jama'a: babban kantin kayan masarufi, sinima, wurin cin abinci, wurin wasan yara, na'urar cire kuɗi. Masu tsara mol da gangan suke nisanta waɗannan wurare da juna, sau da yawa ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, don mutum ya ratsa ta gaban ƙananan shaguna kafin ya isa. Inda layukan fensirinka suka yi ta hawa kan juna, nan kasuwa take. Inda babu layi ko ɗaya, komai kyan tayil ɗin wurin, sai ka yi talla da aljihunka kafin a san kana nan.

Lungun da ba ya ɓullewa ko'ina shi ne mafi haɗari. A takarda yana da kyau, hayarsa ma da sauƙi, amma ba mai shigarsa sai wanda ya zo takanas. Wannan bai dami tela, mai gyaran waya ko ofishin tafiye-tafiye ba, domin kwastomansu nemansu suke yi. Mai takalma, mai kayan kwalliya da mai ayis kirim kuwa da idon mai wucewa suke ci.

Kada ka manta da masallaci da banɗaki. A mol ɗin garuruwanmu, hanyar masallaci takan cika lokacin azahar, la'asar da magariba, kuma shagon da ke kanta yana samun idanu ba tare da ya biya ko sisi ba. Banɗaki ma yana jawo ƙafa, sai dai mai abinci kada ya manne da ƙofarsa.

Idan shagon a bene yake, duba inda matakala da lif suke sauke mutane, da kuma ɓangaren da suke fuskanta in sun sauka. Wanda ke gaban matakala da wanda ke bayanta, tazararsu a takarda mita kaɗan ce, amma a ciniki ba kusa suke ba. Duba kuma ko akwai fila, bayan matakala ko ɗan kiyos na tsakar hanya da ke kare allon sunanka daga mai tahowa.

Sai faɗin fuska. Shago biyu na iya zama murabba'in mita 54 kowanne, ɗaya mai fuska mita 6 da zurfi 9, ɗaya mai fuska mita 3 da zurfi 18. Na biyun rabinsa sito ne, ko ka so ko ka ƙi.

*Hattara:* babban kanti yana iya tashi. An buɗe Ado Bayero Mall a 2014 da Shoprite a cikinsa, amma a watan Janairun 2024 kantin ya rufe reshensa na Kano. Duk sunan da ka gani a zane, tabbatar yana nan yau, kuma ka tambayi kanka ko shagonka zai rayu in ya tafi gobe. Sunan da aka rubuta a zanen ginin da ba a buɗe ba kuwa, tambayi ko an sa hannu ne ko ana tattaunawa.

8. Lissafa girman da za ka biya

Manyan mol da murabba'in mita suke lissafin haya, haka ma kuɗin hidima na shara, tsaro, janareta da sanyaya farfajiya. Saboda haka yadda aka auna shagon ya shafi aljihunka kai tsaye.

Ga misali. Zane ya nuna 6000 da 9000, wato murabba'in mita 54. Idan daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango aka auna, kuma bangon 225 ne ta kowane gefe, abin da ke ciki 5.775 ne sau 8.775, kusan 50.7. Ka rasa kusan 3.3 tun ba ka cire filar da ke tsaye a tsakiya ba. A ce ana biyan naira 15,000 kan kowace murabba'in mita a wata (lambar misali ce kawai, ba farashin wani mol ba), bambancin ya kusa naira 600,000 a shekara. Auna daga tsakiyar bango ba zamba ba ce, wurare da yawa haka suke yi. Abin da ake so shi ne ka sani, kuma a rubuta hanyar da aka bi.

Wanda ya saba da ƙafa ya riƙe wannan: murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76. Shagon kasuwa mai ƙafa 10 da 12 bai wuce murabba'in mita 11 da ɗoriya ba. Tambayi kuma ko an lissafa maka baranda ko wani yanki na hanyar jama'a a cikin girman, da kuma ko hayar da naira aka ƙayyade ta ko da dala.

9. Wuta, ruwa, hayaƙi da hanyar kaya

Zanen shimfiɗa ba ya nuna waɗannan sosai, sai ka nemi zanen wuta da na famfo. Mai gidan abinci, mai aski, mai gyaran gashi da mai wanki su tabbatar akwai bututun ruwa da magudana a cikin shagon, saboda fasa daɓen bene don shigar da bututu abu ne da yawancin masu gini ba sa yarda da shi. Mai girki ya nemi hanyar fitar da hayaƙi zuwa rufi da wurin da aka yarda a ajiye tukunyar gas. Mai firiza da manyan injina ya tambayi ko an ja wuta mai layi uku, da ƙarfin da aka ware wa shagon, da ko mitarsa daban take.

Bi hanyar kaya da fensir kamar yadda ka bi ta mutane, daga inda mota ke saukewa har ƙofarka. In akwai ƙofar baya, auna faɗinta da na babban abin da za ka shigar. Tsayin silin ba ya fitowa a wannan zane, yana cikin zanen da aka yanka ginin a tsaye. Mai son yin ɗan bene a cikin shago ya duba can, kuma ya nemi izini a rubuce.

10. Hanyar tsira

'Yan kasuwar Kano ba sa buƙatar a tuna musu gobarar Sabon Gari ta 2016. Daga ƙofar shagonka, nemo hanyoyi biyu mabambanta da za su fitar da kai waje, ban da lif. Nemo inda tukwanen kashe gobara da mesar ruwa suke. Sa musu alama da jan biro, domin a mataki na gaba za ka je ka gani ko ƙofofin a buɗe suke ko an garƙame su da kwaɗo, ko an cika matakalar da kwalaye.

11. Je ka gwada takarda da ƙasa

Gani ya kori ji. Tsaya a ƙofar shagon ka juya takardar har ta dace da yadda kake tsaye. Auna faɗi a gaba da kuma a baya, domin bango yakan karkace. Auna zurfi, faɗin ƙofa, tsayin silin, da kowace fila. Rubuta abin da ka samu da ja kusa da lambar akitek. Bambancin santimita biyu ko uku filasta ce da tayil. In ya kai santimita 20 ko fiye, a zauna a sake lissafi.

Ƙirga hawan ginin ka gwada da zanen mai hatimi. Idan an amince da hawa biyu ka tarar da huɗu, ko ka ga shaguna a inda zane ya ce wurin ajiye motoci ne, ka janye kuɗinka. Hatimi shi kaɗai ma bai isa ba in asalin filin yana da magana. Waɗanda suka kama shaguna a filin Idi na Ƙofar Mata a Kano sun ga rusau a 2023. Lauyanka ya bincika takardar filin tare da zanen.

Ka je fiye da sau ɗaya, a lokuta daban: safiyar ranar aiki, bayan sallar Juma'a, da yammacin Asabar. Zauna kusa da shagon minti 15 ka ƙirga masu wucewa, sannan ka yi haka a gaban wani shagon da kake kwatantawa da shi. Gaisa da maƙwabta ka tambaye su inda rufi ke yoyo da damina, da ƙofar da masu gadi ke rufewa da wuri. Ƙofa ɗaya da aka daina buɗewa tana iya rushe duk layukan da ka ja a mataki na 7.

12. Manna zanen a jikin yarjejeniya

Kada yarjejeniya ta tsaya a "shago mai lamba 24". A buga zanen hawan, a zagaye shagonka da ja, a rubuta layukan filolin da ya faɗa tsakaninsu, girmansa, da yadda aka auna. Kai da mai ginin ku sa hannu da kwanan wata a kan takardar kanta, lauya ya ambace ta a cikin yarjejeniyar. A rubuta halin da za a miƙa maka shagon: kango ne ba silin ba tayil, ko an gama komai. A rubuta kuma kwanakin da aka ba ka na gyara kafin haya ta fara ƙirgawa, da abin da zai faru idan masu mol suka so mayar da kai wani shagon ko suka kafa kiyos a gabanka.

In ginin bai kammala ba, ka nemi a raba biyan kashi-kashi bisa matakan aiki, kashin ƙarshe sai ranar da ka shiga da tef ɗinka ka auna. A sa sharaɗin cewa idan girman ya gaza abin da ke zane, za a rage kuɗin daidai gwargwado. Ka karɓi kwafi biyu masu sa hannu, ɗaya a wurin lauya, ɗaya a gida, ba a cikin shagon ba.